Sai da zakara kaza ke yin ƙwai?

Kin tambaya ko dole sai kin sayo zakara kafin kajinki su fara saka ƙwai. A'a 'yar'uwa, ba dole ba ne. Kaza da ta kai wata 5 zuwa 6 jikinta ne ke haɗa ƙwan, cikin awa 24 zuwa 26, ko ba ta taɓa ganin zakara ba. Amfaninsa sai in kina son 'yan tsaki: ƙwan da zakara bai taka uwarsa ba, ko ta kwanta masa kwana 21 cur, baragurbi zai zama.

Abin da nake roƙonki ki kula da shi haske ne, awa 14 zuwa 16 kullum, da ruwa mai tsabta. In kin ga ɓawon ƙwai ya yi laushi yana fashewa a hannu, ki ƙara musu garin ƙashi a abinci.