Bawa, dimajo da «kyan ɗa ya gaji ubansa»

Wani mai karatu daga unguwar Birni ta birnin Zinder (Damagaram) ya aiko da tambaya biyu: mene ne bambancin bawa da dimajo, kuma me ya sa wasu gidaje ke ta tonon asali idan maganar aure ta taso, alhali bauta ta daɗe da ƙarewa?

Malam, bawa shi ne wanda aka kamo a yaƙi ko aka sayo da dukiya. Dimajo kuwa, wanda ake kira bacucane, shi ne ɗan bayi da aka haifa a gidan ubangiji, kuma al'ada ta ƙi a sayar da shi. Kalmar daga Fulatanci muka aro ta. Akwai kuma murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa domin a bar shi ya yi neman kansa, da rinji, ƙauyen da bayi ke noma gandun mai su. Duk waɗannan sanannun abubuwa ne a Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin raƙuma ke tashi daga unguwar Zango ta Zinder zuwa Tarabulus.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Faransawa sun kama Zinder a 1899, sun kuma soke bauta a takarda a 1905, amma ba su sauya tsarin mallakar gonaki ba, saboda sarakuna da masu gari suke bukata domin tara haraji da ɗibar mutane aikin dole. Saboda haka wanda aka ƴanta ya tashi hannu rabbana, yana aron gonar da kakansa ya sare dajinta. Gonar aro kuwa ba a dasa itace a cikinta, ba a haƙa rijiya, ba a barin ta gado, don haka jika yakan tarar da talaucin nan yana jiransa. Sai a 2003 Nijar ta mayar da bautar da mutum laifin da ake ɗauri a kansa, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani, wata ƴar Nijar da aka bautar, gaskiya a kan gwamnati saboda gazawa wajen kare ta daga bauta.

A nan ne nake jan hankali game da karin maganar «kyan ɗa ya gaji ubansa». Ma'anarta ta asali yabon hali ne da riƙon sana'ar gida, kuma da ita maƙera da majema da dukawan garin nan suka tsare gwanintar da ake alfahari da ita. To amma idan aka faɗa wa ɗan mahauci ko ɗan maroƙi ita a ranar da ya zo neman aure, ko ranar da ya nemi limancin unguwa bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi zurfi a fiƙihu, abin da ake nufi shi ne ya tsaya inda aka ajiye ubansa. Wannan fassara ba ta da madogara a harshe, a addini kuma Suratul Hujurat ta ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa.