Mai gona ya ce sai na iya allura kafin ya ɗauke ni aikin kula da dabbobi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekara uku ke nan da na gama sakandare, ina zaune ba aiki. Kawuna ya samo mini gurbi a wata gonar kiwo a bayan gari, shanun madara ne da ragunan turka. Tun ina ƙarami nake kula da awakin mahaifiyata, don haka dabba ba baƙuwata ba ce. Abokaina na cewa aikin kwasar kashi ne, ba shi da gaba. Shi kuma mai gonar ya ce wanda ya iya allura yake so, don ya huta da kiran likita. Wani mai shagon maganin dabbobi ya ce zai koya mini cikin sati biyu. In karɓa ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Karɓi aikin, amma kada ka taka ƙofar mai shagon nan.

Abokanka ba su yi ƙarya ba, kashi za ka kwasa. Ni da digirina har yau ina zura hannu a duburar saniya in duba ko ta ɗauki ciki. Batun gaba kuwa akwai ta: in takardunka na kimiyya sun yi kyau, akwai difloma a kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya da ke Vom a jihar Filato, akwai kuma ta Mando a Kaduna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya shiga aji bayan ya yi shekara biyu a garke ya fi kowa fahimtar karatun.

Maganar allurar ce ta tsaya mini a rai, domin kullum da ita nake kwana nake tashi. An mayar da sirinji shi ne ilimi. Duk wanda ya iya cake saniya a cinya, gobe sai ka ji ana ce masa "dakta". Ai soka allura ba wani abu ba ne, yaro ma zai koya da la'asar ɗaya. Sanin abin da ke damun dabbar shi ne aikin, kuma ba a sayar da shi a shago.

Daminar bara aka kira ni wata gona, awaki na majina da zawo, bakinsu duk gyambo, huɗu sun riga sun mutu. Ba sai an gaya mini ba, PPR ce, annobar nan ta awaki da tumaki. Na ce wa yaron gonar ya nuna mini abin da ya ba su. Ya buɗe wani akwatin kwano da ke zaune a rana, ya ciro kwalbar maganin allurar da ake kira LA da ta koma baƙa kamar shayin da ya kwana, da allura guda ɗaya tal, bakinta a lanƙwashe. Da ita ya bi garken kaf, masu ciwo da masu lafiya. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka koya masa ya yi.

LA ɗin nan da ake ɗauka maganin komai, oxytetracycline ce, bakteriya take kashewa. PPR da boru (ciwon baki da kofato) bairos ne ke kawo su, ko ganga guda ka ɗura wa dabba ba za ta taɓa ƙwayar cutar ba. Likita kan ba da ita wani lokaci don tare ciwon da ke biyo baya, amma ya san dalilinsa. Abin da ke kare akuya daga PPR rigakafi ne, ana yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kuma dole ya iso cikin ƙanƙara. Wanda aka ɗauko a aljihu bisa babur da tsakar rana ya zama ruwa.

Sannan ga awo. LA mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, mil ɗaya ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Wa yake aunawa? Da ido ake ƙiyastawa, a kuma rage don kwalba ta kai. Ƙwayar da ba ta mutu ba sai ta saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci, a ce ai na jabu ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da ba a shan madara ko cin naman dabbar bayan allura. Na LA kan kai sati uku zuwa huɗu ga nama. Amma a yi wa saniya allura da safe, a tatse ta da yamma, madarar ta tafi fura da yogot, yaran mutane su sha. Tafasawa ba ta raba madara da ragowar maganin. Ragon layya ma na sha ganin an caka masa saura kwana uku Salla "don ya ware". Ka ce za ka kai ƙara, sai ka tarar da ofishin hukuma a kulle, mai shago kuwa na can yana awon magani a kwalbar lemo.

Abin da za a biya ka dominsa idonka ne. Ka san wacce ta daina tuƙa, wacce ta ware daga garke, wacce kashinta ya canza. Sayi ma'aunin zafi: saniya lafiyayya tana tsakanin 38 da 39, in ta haura 39.5 akwai zazzaɓi. Ka keɓe sabuwar dabba aƙalla sati biyu kafin ta shiga garke, ka riƙe littafi kana rubuta rigakafi da haihuwa da duk maganin da aka bayar.

Ka kula da kanka ma. Kada ka taɓa ɓari ko mahaifa da hannu tsirara, bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, na kama mutum. Dabbar da ta faɗi matacciya farat ɗaya, jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, cutar saifa (anthrax) ce ake zargi. An tabbatar da ita a wata gona a Suleja a Yulin 2023. Takalmin roba da safar hannu haƙƙinka ne a kan mai gona, ka tambaye su tun ranar da kuke maganar albashi.

Shi kuma ka gaya masa cikin ladabi: "Alhaji, in likita ya duba ya rubuta magani, ya nuna mini inda zan soka da yawan da zan ja, zan ci gaba da yi har kwanakin su cika. Amma ba ni zan zaɓi maganin ba." Ka karɓi lambar likitan da ke duba gonar tun kafin ka kai kayanka.