Motar lantarki a garin da wuta ke zuwa tana tafiya: amsoshin tambayoyinku

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayar motar lantarki ta fara kutsowa cikin tambayoyin waya da kwamfuta. Wannan makon na ware guda huɗu.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a Kano. Daga gida zuwa ofis da kai yara makaranta ina cin kilomita 40 a rana, kuma mai ya ishe ni. In sayar da Corolla ta in nemi mai lantarki?

Amsa: Yallaɓai, kafin ka je wurin dillali, tsaya gaban mitar gidanka tukuna, don a nan amsar take. Matsakaiciyar motar lantarki tana shan yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, irin yunit ɗin da kake lodawa a mita. Mu ɗauki 18, saboda wutar da ke salwanta wajen caji da kuma esi, wanda ba ka isa ka kashe shi a watan Afrilu ba. Idan kana layin Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, inda yunit ke wajen naira 210 tun bayan ƙarin kuɗin wuta na 2024, kilomita 100 zai ci maka kusan naira 3,800. Corolla kuwa za ta sha wajen lita 8. A ƙaddara lita naira 900, ka ga naira 7,200 ke nan. Kusan rabi ka rage. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu filogi, birki ma ya fi daɗewa domin motar kan yi amfani da injinta ta rage gudu, tana mayar da wuta cikin batir.

Kilomita 40 ɗinka yunit 7 ne kawai. Cajar da ke zuwa da motar, wadda ake sa wa a soket na gida, tana ba da yunit biyu da ɗoriya a awa, wato awa uku sun wadatar. Mutane kan ruɗe idan sun ji cewa cika batirin Hyundai Kona mai yunit 64, irin wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020, yana ɗaukar fiye da yini guda a soket. Gaskiya ne, amma wa ya ce sai ka bari ya ƙare? Yadda kake jona waya da daddare haka ake yi mata.

To, idan unguwarku irin wadda ake kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba ce, ko taransifoma ta lalace a yi wata ana karo-karo, riƙe Corolla ɗinka. Idan kuma wutar na zama, kira mai wayarin na ƙwarai ya ja maka layi na musamman daga mita, da waya mai kauri. Na taɓa ganin soket a wani gareji da ya narke ya yi baƙi, robar ta manne da bakin caja, saboda maigidan ya jona ta doguwar wayar nan ta kasuwa da ake jona fanka da talabijin. Awa uku ana jan wuta mai ƙarfi ba tsayawa, siririyar waya ba za ta ɗauka ba.

Tambaya: Zan iya caji da janareta ko solar gidana?

Amsa: Janareta dai za ta yi in tana da ƙarfi, amma an gudu ba a tsira ba. Ƙaramar janaretar fetur da ƙyar take ba da yunit 2 a lita ɗaya, saboda haka yunit 18 zai laƙume lita 9, fiye da abin da motar fetur za ta sha. Sannan cajoji da yawa kan ƙi aiki idan ba su ji wayar da aka binne a ƙasa ba, sai dai ka ga jar fitila tana ƙiftawa.

Sola ta fi ma'ana. Faranti ɗaya mai wat 550 yana ba da wajen yunit biyu da rabi a rana a irin ranarmu ta Arewa, don haka ƙarin faranti huɗu zai ɗauki zirga-zirgar cikin gari. Matsalar ita ce lokaci: rana tana bugawa sa'ad da motar ke fake a ofis. Kada ka ce za ka ɗura mata daga batirin inbata da daddare. Batirin gida mai yunit 5, sai an jera goma sha uku kafin su kai na Kona ɗaya.

Tambaya: An yi mini tayin Nissan Leaf 'yar Kwatano da araha. Mijina ya ce batirin zai mutu kamar na waya. Haka ne?

Amsa: Hajiya, maigida yana da 'yar gaskiya a kan wannan motar musamman. Batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, kuma zafi shi ne babban maƙiyin batir. Tun a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta kukan batir na raguwa da wuri, kuma zafinsu bai fi na Sakkwato ko Maiduguri ba. A jikin allon direba na tsofaffin Leaf akwai ƙananan sanduna 12 da ke nuna lafiyar batir, daban da ma'aunin caji. Ki ƙirga su da idonki. In sun koma takwas ko ƙasa, arahar nan ba ta ado.

Sababbin motoci labarinsu daban ne. Yawancinsu ana sanyaya batirinsu da ruwa, kamfanoni kuma kan ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, sai dai garantin ba ya biyo motar da aka shigo da ita ta hannun dillali. Irin batirin da ake kira LFP, wanda BYD ta ƙasar Sin ke amfani da shi, ya fi jure zafi da yawan caji. Ki kuma duba bakin caji: na Sin daban, na Turai daban, na Leaf ma wajen caji mai sauri nasa daban. Kuma ki tambaya wa zai gyara ta a garinku, don makanikin da ya ƙware a kafireta bai kamata ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo ba. Wutar cikinsu ta kai bolt 350 zuwa 400, tana kisa.

Tambaya: Za ta kai ni Abuja daga Kano?

Amsa: Tafiyar ta haura kilomita 400. A takarda Kona za ta kai, amma takarda ba ta san gudun 120 da esi da cunkoson Kaduna ba. A babban titi ka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta. Wuraren caji na jama'a kuma ƙalilan ne, akasari a Legas da Abuja, sai irin wanda hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, lokacin shugabancin Jelani Aliyu. Sai dai ka shirya da wani ɗan'uwa a Kaduna mai wuta, ka kwana, ka jona, da safe ka wuce.