Wuta Ba Ta Wanke Fumfuna: Amsa Ga Mai Jinyar Dattijo A Kanada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a lardin Ontariyo na Kanada, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Akwai wani dattijo Bature da nake jinya, yana fama da kansar jini, ana yi masa kimo, wato jinya da magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa. Yana da tushen tabar wiwi huɗu a bayan gida, ya ce ita ke rage masa tashin zuciya har ya iya cin abinci. A watan Oktoba ɗansa ya yanke, ya rataye kwana huɗu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya cusa a kwalabe ya rufe. Shekaranjiya na buɗe ɗaya, wani wari ya buge ni kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe, ga fari-fari kamar yanar gizo a tsakiyar curin furen wiwin. Ɗan ya ce a tsince wurin da ya ɓaci, a gasa sauran a oben, ai wutar da za a kunna za ta ƙone komai. Ni ba na sha, ba na ma son warinta, amma amanar tsohon nan tana wuyana. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Dole hankalinki ya tashi. Kafin komai: kada dattijon nan ya sha ko ɗigo daga abin da ke cikin kwalaben nan, kuma kada a sake buɗe su a ɗakin da yake kwana.

Ta fuskar doka ba ku da matsala. Tun ranar 17 ga Oktoba 2018 Kanada ta yarje wa kowane gida tushe huɗu, Ontariyo kuma ta bar abin a haka, ko da yake maƙwabciyarku Kebek ta hana shuka a gida. Matsalar tana wurin shanya. Kwana huɗu bai isa ba. Masu yin abin bisa ƙa'ida suna rataye ta kwana 7 zuwa 14 a wuri mai duhu da iska ke ratsawa, sai ƙananan rassan sun fara karyewa ƙas maimakon su lanƙwashe. Curin wiwi ya kan bushe a waje alhali cikinsa jagab yake. Da an rufe shi a kwalba, ruwan ciki sai ya fito ya cika kwalbar da laima. Shi ya sa ake buɗe murfin kullum a makonni biyun farko, ake kuma jefa ƙaramar na'urar auna danshi a ciki: kashi 58 zuwa 62 shi ake nema, da ya haura 65 an buɗe wa fumfuna ƙofa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, a ƙarshen kaka, dama can a jiƙe iskarsa take. Za a iya ce miki fari-farin nan ƙyallin da ke jikin furen ne. Shi wannan ƙyallin ɗigo-ɗigo yake kamar barbaɗin sukari, ba ya yin zare, ba ya warin rima.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar ɗan, domin ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba ranar da za ta wuce ban ji ta ba, daga majinyata, daga 'yan'uwansu, wani lokaci har daga bakin waɗanda suka yi karatun lafiya: "ai wuta za ta kashe."

Ki dubi yadda ake shan ta. Wutar tana can a bakin naɗin, wuri bai fi faɗin farce ba. Duk sauran naɗin ɗanye ne, wuta ba ta kai gare shi ba. Idan mutum ya zuƙa, iskar ta cikin wannan ɓangaren da bai ƙone ba take ratsowa, tana kwashe ƙurar irin fumfunan tana kai ta huhu da ranta. Irin da muka fi tsoro, Aspergillus fumigatus, girman ƙwayarsa maikiron 2 zuwa 3 ne, wato za a jera fiye da ashirin a faɗin silin gashi ɗaya, saboda haka babu abin da ke tare ta har can ƙuryar huhu. Kuma tun kafin a ƙyasta ashana, mai murje curin da yatsu ya riga ya shaƙi rabonsa.

Gashin oben fa? Wannan fumfunan a tsakiyar juji mai tururi yake rayuwa, inda zafi ke wuce digiri 50 a ma'aunin Celsius, ƙwayoyinsa kuma suna jure zafin da ya kai digiri 70. Oben na gida ba ya rarraba zafi daidai, bayan curin zai soye, cikinsa bai ji komai ba. Firiza ba ta kashe shi, kwantar da shi kawai take yi. Masu bidiyo a YouTube da TikTok da ke koya wa mutane wanke ta da ruwan lemon tsami ko jefa ta a maikurowef, babu ɗayansu da ya taɓa tsayawa a kan gadon mai kansar jini yana kallon hoton huhunsa. Raina yana ɓaci ƙwarai da su, domin asarar kwalba ɗaya suke wa mutane tattali, su jawo musu asarar rai.

A ɗauka ma an kashe fumfunan gaba ɗaya. Gubar da wasu irinsa suke bari fa? Mu da muka tashi a ƙasar gyaɗa mun san wannan. Gubar aflatoksin da fumfunan Aspergillus flavus ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana da laima ba ta jin suya, ba ta jin dahuwa, sai zafi ya wuce digiri 200 da nisa kafin ta fara rushewa. A shekarar 2004 mutum 125 suka mutu a gabashin Kenya saboda masarar da ta yi fumfuna, kuma dafa ta suka yi kafin su ci. Don haka mayar da wannan wiwin mai ko dafa ta a man shanu bai fitar da ku ba.

Tsince wurin da ya ɓaci shi ma yaudarar kai ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido bai san komai ba. Abin da kika gani saman fumfunan ne kawai, saiwarsa ta riga ta ratsa curin, ƙurar kuma ta zagaye kwalbar tun makonni.

Ni da ke muna shaƙar irin wannan ƙura kullum, fararen ƙwayoyin jininmu suna cinye ta ba mu ma sani ba. Dattijonki kimo ya kwashe masa waɗannan dakarun, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A jiki irin nasa ƙwayar tsira take yi, ta huda jijiyoyin jinin huhu, wani lokaci ta kai ƙwaƙwalwa. Ko an gano da wuri an sa shi a kan maganin fumfuna na voriconazole, da yawa ba sa tashi. A 2020 masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) sun duba bayanan inshorar lafiya na shekarar 2016, suka ga masu shan wiwi sun ninka waɗanda ba sa sha sau uku da rabi wajen kamuwa da cututtukan fumfuna. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan Aspergillus fumigatus a rukunin farko na fumfunan da suka fi hatsari.

Masu karatu na gida, kada ku ce wannan zancen Turawa ne. A Najeriya shuka wiwi laifi ne da hukumar NDLEA ke kamawa a kai, saboda haka a ɓoye ake shanya ta, a ɗure a buhu da leda da sauran ruwanta, ba wanda ya duba. Matashin da ya taɓa yin tarin fuka ya warke yakan tashi da rami a huhu, fumfunan nan kuma ramin yake nema ya dunƙule a ciki. Sai a ga yana tarin jini yana ramewa, a yi ta maimaita masa maganin tarin fuka ba sauƙi.

Ga abin da za ki yi yau. Ki auna zafin jikin dattijon. In ya kai digiri 38, ko yana tari, ko ciwon ƙirji in ya ja numfashi, ko kaki da jini, ki kira lambar gaggawa da sashen kula da masu cutar kansa suka ba su, kada ki ba shi maganin zazzaɓi ki jira gari ya waye. Ki tambaye shi a hankali ko ya riga ya sha daga cikin kwalaben, da yaushe, domin amsar tana iya sa likita ya nemi hoton CT na ƙirji da gwajin jini na galactomannan.

Kada ki zubar da kayan da hannunki ba da izini ba, dukiyarsu ce, kuma aikinki na iya shiga matsala. Ki rubuta abin da kika gani da kwanan wata, ki sanar da shugabarki a wurin aiki, ki nemi ɗan ya ji maganar daga bakin likitan mahaifinsa. Likitan yana da magungunan tashin zuciya, in kuma wiwin ce dole, akwai man wiwi da ƙwayoyinta na haɗiya na kamfanoni masu lasisi da ake gwadawa kafin a sayar. Ranar da za a fitar da kwalaben, wanda zai ɗauka ya sa takunkumin N95 da safar hannu, ya ƙulle su a leda biyu ba tare da ya buɗe ba, dattijon kuma ya kasance a wani ɗaki, ƙofa a rufe.