Tambayi Injiniya: Bireka na yawan faɗuwa, in saka babba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da wurin niƙa a Katako, nan Jos. Injina biyu ne, kowanne da moto mai ƙarfin doki 20, a kan wuta mai layi uku. Bayan sallah na ƙara na uku mai doki 15. Tun daga nan babban bireka na MCCB (irin mai akwatin roba da ake sa wa manyan injina) mai amfiya 63 yake faɗuwa idan aiki ya kankama, musamman bayan azahar. Mai gyara ya ce a cire shi a saka mai 160 a huta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara kasuwa. Don Allah kada ka yarda.

Mu yi lissafi tare. Moto mai doki 20 yana jan kusan amfiya 29 idan ya ɗauki cikakken lodi, biyu ke nan 58. Sabon yana jan kamar 22. Ka ga an kai 80, a kan bireka mai 63. Ashe lafiyarsa ƙalau, aikin da aka saye shi dominsa yake yi.

A cikin birekan nan akwai masu gadi biyu. Na farko ɗan siririn ƙarfe ne da aka manna daga ƙarafa iri biyu. Idan lodi ya yi yawa sai ya ɗumama a hankali, ya lanƙwashe, ya saki kunama. Shi ya sa naka ba ya faɗuwa da safe, sai an jima ana aiki ɗaki ya ɗau zafi. Na biyu maganaɗisu ne, wanda ke jiran ranar da wayoyi biyu za su haɗu. Shi ba ya jira, kafin ƙiftawar ido ya katse wuta.

Abin da mai gyaranka ya manta shi ne, bireka wayar da ke bayansa yake tsaro. Idan wayarka mai kaurin sikwaya milimita 16 ce, kamar yadda aka saba haɗawa da 63, a cikin bututu ba ta wuce ɗaukar amfiya 70 ba. Ka ɗora mata bireka mai 160, sai ta yi ta dahuwa shi kuwa ko gezau. Na taɓa buɗe irin wannan allon wutar a wajen Farin Gada: robar wayar ta yi baƙi ta ƙame, ina taɓawa tana marmashewa kamar ƙanzo, ga garin masara ya lulluɓe komai. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake, domin yara uku ke kwana a shagon.

Gyaran gaskiya ya fi tsada, ban ɓoye maka ba. A auna abin da kowane layi ke ja da mita lokacin da injinan uku ke aiki. Idan ya yi daidai da lissafinmu, a canja wayar zuwa sikwaya milimita 35 ta jan ƙarfe, sannan a saka bireka mai amfiya 100, kowane moto kuma da nasa kariyar. Ka duba lambar kA a jikin birekan, wato iyakar wutar da zai iya katsewa lafiya idan wayoyi suka haɗu. Idan kana kusa da taransifoma, kada ka sauka ƙasa da 25. A ɗaure kusoshin bakinsa tamau, don sako-sako kaɗai na haifar da zafi. Kuma kada yaranka su tada injinan lokaci guda, moto yakan ja ninki shida yayin tashi.

Ka sani kuma MCCB irin wannan ba ya kare mutum daga jan wuta. Wannan aikin RCCB ne mai miliamfiya 30, wato na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko zuwa ƙasa, da wayar ƙasa mai kyau.

Kafin kuɗin gyaran ya samu, ka riƙa aiki da biyu, na ukun ya jira. Idan birekan ya faɗi za ka ga hannunsa ya tsaya a tsakiya; a kashe injinan, a ba shi 'yan mintuna ya huce, a danna shi ƙasa tukuna sannan a ɗaga.