Hukuncin saka abu mai fashewa cikin sigari da sunan tsokana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah ina da taubashi da ya addabe mu da shan taba, to sai na ga wasu ƴan ƙananan abubuwa ana tallansu a intanet wai ana cusawa a bakin karan sigari in mutum ya kunna sai ta yi ƙara ta tarwatse, shine nace zan yi oda in saka masa ko ya tsorata ya daina, kuma in abin ya karɓu in ɗan saro ina sayarwa. Ya hukuncin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa niyyarka ta raba shi da taba mai kyau ce, amma wannan hanya bata halatta ba, sayarwar ma haka.

Wannan abu ba sabo bane, tsohon wasan Turawa ne. A Amurka ya yi tashe tun wajen farkon shekarun 1900, akwai kamfanin S.S. Adams a jihar New Jersey da ya shahara da kayan tsokana irin su hodar atishawa, kuma yana cikin manyan masu yin wannan taba mai fashewa. Sinadari ne ɗan kaɗan mai tashi in ya ji wuta ake ɓoyewa ciki. To amma su kansu masu abin sun sha wuya da shi, an ƙona hannaye da fuskoki, an yi ta shari'a a kotu, har jihar Massachusetts ta hana sayar da shi a 1967, masu ƙerawa kuma suka koma saka sifirin maimakon sinadarin. Sannan bayan rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 da ya danganta taba da kansar huhu mutane suka fara gudun tabar kanta, kasuwar abin ta yi ta mutuwa. Kaga kenan abin da masu shi suka yar ne kake son tsinto mana.

Yanzu ga dalili. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya da Annabi (SAW) sai ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, mutumin ya firgita, sai Annabi (SAW) yace baya halatta ga musulmi ya tsoratar da musulmi. Igiya ce fa kawai, kuma wasa ne, babu wanda ya ji ciwo, amma aka hana, to ina ga wuta da zata tashi tsakanin leɓen mutum da idonsa?

Wanda ya fi kama da mas'alarka ma shine hadisin Abdullahi bn Mugaffal a Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya hana harbi da tsakuwa da yatsu, yace bata kashe abin farauta bata cutar da abokin gaba, sai dai ta tsiyaye ido ta karya haƙori. Ka duba illar da aka ambata, amfani babu, cuta kuma tana iya aukuwa, kuma haka wannan abin yake sak. Kai baka san ƙarfin abin da aka zuba ciki ba tunda ba kai ka haɗa ba, baka san inda zai kunna ta ba, ƙila yana kan babur da fasinja, ƙila kusa da masu sayar da fetur a galan, ƙila kuma yana da hawan jini baka sani ba, ko ya miƙa wa wani dattijo karan. Ga kuma ƙa'idar la darara wa la dirara da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ba cuta ba cutarwa.

Maganar taubashi kuwa, shari'a bata hana raha ba, Annabi (SAW) yana raha amma baya faɗar sai gaskiya. Al'ada tana baka damar zolayarsa da baki, bata baka iko akan jikinsa ba. Kuma ka sani "wasa nake" baya ɗauke lamuni, in ido ya tafi rabin diyyar rai ne, yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, kaje kasuwa ka tambayi kuɗin raƙumi yau kaji.

Sayarwa kuma tunda abin bashi da wani amfani sai firgita mutane, sayar da shi taimako ne akan saɓo, Allah ya hana wannan a Suratul Ma'ida aya ta 2, kuma yawanci yara ne zasu saya su riƙa gwadawa akan mutane.

Shi kuma taubashin naka taba cuta ce kuma magana mafi ƙarfi haramun ce, amma ban ga yadda ƙara ɗaya zata cire masa jarabar nikotin ba, zai dai daina karɓar abu daga hannunka. Ka keɓe shi ku yi magana, in ya yarda ka raka shi asibiti, kuɗin odar nan ka biya masa kati da shi.

Wallahu a'alam.