Tambaya da Amsa: Wai Binta ba suna bane?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Na haihu wata uku kenan, mijina ya yiwa mahaifiyarsa takwara aka sa wa yarinyar Binta. Tun ranar suna ƙawayena ke min tsiya wai sunan tsofaffi ne, wata ma tace wai Binta ba suna bane kwata kwata, ma'anarsa kawai "ɗiya". Gaskiya abin ya tsaya min a rai. Miye asalinsa, kuma me zan rubuta a takardar haihuwa? Daga wata mai jego a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, barka da arziki, Allah ya raya mana ita ya baki lafiyar shayarwa. Ƙawar taki ta faɗi rabin gaskiya ne ta bar rabi. Eh, kalmar daga Larabci take, bint, wato ɗiya mace, amma ɗiyar wa? Nan ne zancen yake. A ƙasar Hausa in an ce Binta ana nufin Fatima ce, Fatima bintu Muhammad, 'yar Manzon Allah (SAW) da Nana Khadija, matar Sayyidina Ali, uwar Hassan da Hussaini, wadda ta rasu shekara ta 11 bayan hijira wata shida kacal bayan mahaifinta. Ko a hadisin nan na matar Banu Makhzum da tayi sata zaki ji lafazin da kunnenki, "Fatimata binta Muhammad". Mutanenmu suka ɗauki kalmar tsakiyar suka maida ita laƙabi, kamar suna cewa ai ɗiya in an faɗa ba sai an tambayi ta wa ba. Ni wallahi duk sanda na tuna wannan sai naji sunan ya ƙara min girma.

Shi kuwa Fatima ɗin kansa tushensa daga kalmar yaye ne, raba yaro da nono.

Kuma kinsan halinmu da alkunya, mace bata faɗin sunan surukarta, uwa bata kiran ɗan fari, to dole a nemo wani abin kira, shiyasa kusan kowane sunan yanka na mata yana da ɗan rakiyarsa, Hauwa ta zama Kulu, A'isha Indo, Zainabu Abu, Khadija Dije, ita kuma Fatima da yake masoyanta sun yi yawa ta kwashe kaso mafi tsoka, Binta, Bintu, Fati, Fatsuma, Batula, Zahra'u, a Borno kiji Falmata, in kika leƙa Mali da Senegal da Gini ga Bintu da Fatu ko'ina. Kakata ta wajen uwa tana cikinsu. Na girma ban taɓa jin an kira ta Fatima ba, sai ranar da za'a yi mata fasfo na aikin hajji kawuna ya tambaye ta sunan da liman ya raɗa mata, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya tace "Faɗimatu ne mana, kai ma da neman magana", mu jikoki muka tsaya baki buɗe.

Maganar ya tsufa kuwa, ban musa ba an rage sawa. Shiga ajin 'yan nazire a Kano ko Kaduna yau kiji ana kiran rajista, Afnan, Iman, Nihal, Amal, Hanan, da ƙyar ki tsinci Binta ɗaya, alhali a ajin iyayenmu sai an bambanta da Binta ƙarama da Binta babba. Zuwa Umara da karatu a ƙasashen Larabawa da tashoshin tauraron ɗan adam da yanzu waya sun kawo mana sunaye sababbi, iyaye kuma kowa na son na 'yarsa ya fita daban. Amma ki lura da kyau, Fatima bata je ko'ina ba, riga kawai ta sake, 'yan matan da ke rubuta Zarah da Teemah a Instagram duk takwarorin surukarki ne. Kuma masu Binta ɗin ba a ƙauye suka tsaya ba, ga Binta Masi Garba da ta wakilci Adamawa ta Arewa a majalisar dattawa daga 2015 zuwa 2019, ga Mai shari'a Binta Nyako a babbar kotun tarayya.

Abinda yake min ciwo shine yadda muke jin kunyar sunan da aka gina shi akan kunya da ladabi. Mijinki uwarsa ya girmama, kar ki bari surutun ƙawaye ya sa ki ɓata masa wannan farin cikin, tunda dama ke ba zaki iya kiran sunan a gaban Hajiya ba, ki zaɓa mata na gida, Ummi ko Mami ko Walida, duk suna nuna mai sunan uwa ce.

Batun takarda, ki fara tambayar maigidan me aka raɗa ranar suna, don wasu yanzu Binta ɗin suke raɗawa kai tsaye. In Fatima ne ku rubuta Fatima, ko Fatima Binta in yana son na mahaifiyarsa ya fito. Kawai duk wanda kuka zaɓa ku riƙe shi iri ɗaya har harafi, takardar haihuwa, rajistar makaranta, NIN, kar wata ta ce Fatima wata ta ce Binta, in ba haka ba ranar da ta zo cike JAMB ku ne zaku yi ta zarya kotu neman takardar rantsuwa.